Man keken ɗinki a tsohon kan jirgin Märklin: ya dace ko bai dace ba?

Sani Tudun Wada

Assalamu alaikum, manyanmu na wannan zaure. Ina neman shawara a kan wani ƙaramin kan jirgin ƙasa na wasa mai aiki da lantarki, ƙirar Märklin mai lamba 3000, baƙi mai jajayen ƙafafu shida, wanda yayana ya saya a kasuwar tsofaffin kaya a Jamus ya aiko mini tare da layin dogonsa na ƙarfe da taransifomarsa. Mai sayarwar ya ce ya yi shekaru a cikin kwali ba a taɓa shi ba. Idan na ɗora shi a kan layi na murɗa wuta, fitilarsa tana kamawa, kuma ana jin gurnani a cikinsa, amma ko motsi ba ya yi. Na gwada juya ƙafafun da ɗan yatsa, sun ƙi. Abin da nake da shi a gida man keken ɗinki ne da gwangwanin WD-40, kuma wani makanike maƙwabcina ya ce in fesa masa na gwangwanin ta ƙasa in bar shi ya kwana. Ban yi ba tukuna, na ce bari in fara jin ta bakinku.

Injiniya Lawal

Wa alaikumus salam, Sani. Kafin komai, ka daina ba shi wuta. Gurnanin da kake ji yana nufin wuta tana shiga kwayil, wato naɗin wayar da ke juya injin, amma kwayil ɗin ba ya juyawa, kuma duk ƙarfin da ya kamata ya zama motsi zafi yake komawa. Wayar da aka naɗa a ciki siririya ce ƙwarai, rufinta ɗan shafen fenti ne kawai, idan ya ƙone magana ta koma ta sake naɗi, wanda sau da yawa ya fi kuɗin kan jirgin tsada.

Tsofaffin injinan Märklin irin naka ba su da giya mai murɗaɗɗen haƙori. Faya-fayan giya ne a jere a gefe ɗaya, daga sandar kwayil har zuwa ƙafafu, saboda haka mai lafiya daga cikinsu, idan ka juya ƙafa da yatsa, za ka ji injin yana bin ta. Tunda naka ya ƙi, abin da ya fi yiwuwa shi ne tsohon man da ke ciki ya bushe ya daskare kamar ƙaro, ya kama 'yan sandunan da giyoyin ke juyawa a kansu. Wannan sanannen ciwo ne ga duk kan jirgin da ya daɗe a ajiye, kuma maganinsa wanki ne, ba ƙarin mai ba. Sabon mai a kan tsoho yana iya sassauta shi na ɗan lokaci, daga baya ya sake kamewa.

Maƙwabcinka ya ba ka shawarar da ta dace da notin mota mai tsatsa. WD-40 an yi shi ne don korar danshi da sassauta abin da ya cije, mafi yawansa yana bin iska, ɗan abin da ya rage kuma yana tara ƙura. Babban aibinsa a nan shi ne feshi ba ya zaɓen wuri: zai shiga burushi, wato 'yan guntayen da ke kai wuta zuwa kwayil, ya jiƙa faifan jan ƙarfen da burushin ke gogawa, ya taɓa zoben robar da ke ƙafa, alhali waɗannan wurare uku ba a so mai ya kusance su ko kaɗan.

Malam Habu Mai Agogo

Injiniya ya gama magana a kan dalili, bari in ƙara yadda hannu zai yi. Sani, ka samu faranti mai baki ka shimfiɗa farin ƙyalle a ciki, a nan za ka yi aikin, domin sukurorin da sufurin ɗin burushi ƙanana ne, idan ɗaya ya faɗi ƙasa sai dai labari. Kafin ka cire kowane abu ka ɗauki hotonsa da wayarka. Gangar jikin 3000 roba ce, sukuru ɗaya ke riƙe da ita. Ka cire ta ka kai ta nesa da wurin aiki, don kada abin wanki ya ɗiga a kan fenti da rubutun da ke jikinta.

Daga nan ka ɗaga sufurin biyu da ke danne da burushi ka zare burushin, ka kwance sukurorin murfin injin, ka ɗaga shi a hankali domin wayoyin da aka liƙa masa gajeru ne, sannan ka zaro kwayil ɗin da ke juyawa. Yanzu sake gwada ƙafafun. Idan har yanzu a cije suke, ka tabbatar laifin na giyoyi ne. Ka ɗiga ruwan laita, irin wanda ake ɗura wa laitar ƙarfe mai lagwani, a kan sandar kowace giya, ka jira kaɗan, ka riƙa motsa ƙafar gaba da baya da yatsa kawai, kana tsane baƙin ruwan da ke fitowa da takarda mai laushi. Za ka maimaita sau da yawa. Idan ya yi taurin kai, bayan ruwan laitar ya bushe sarai ka ɗan ɗumama ƙarfen da na'urar busar da gashi, tsohon man zai yi laushi. Abin da ba na so ka yi shi ne ka kama ƙafa da filaya ka murɗa. Ƙafafun a matse suke a kan sandarsu bisa wani tsari, idan ɗaya ta goce, sandunan gefe da ke haɗa su za su riƙa cijewa a kowane zagaye, kuma mayar da ita daidai aiki ne mai wuya.

Kada ka yi wanki da fetur na gidan mai, yana barin datti kuma yana cin roba da fenti. Kananzir yana barin maiƙo. Tina da abin goge farce kuwa narkar da roba suke yi nan take.

Sai batun mai. Ni a ganina man keken ɗinki na gaske ya isa. Mai ne fari, mara kauri, mara tsami, wanda aka yi don ƙananan sandunan ƙarfe masu gudu, kuma abin da ke cikin wannan kan jirgin ke nan. Abin lura shi ne yawan da za a sa. Ka ɗiga shi a murfin kwalba, ka tsoma bakin allura, ɗan ɗigon da ya rataya a bakinta shi ne rabon wuri ɗaya: bakin sandar kwayil ta kowane gefe, inda sandar ƙafafu ta ratsa ƙarfen gindi, da sandar kowace giya. Idan ka gama kuma kana iya ganin mai yana ƙyalli daga nesa, ka sa fiye da kima, sai ka tsane.

Hajiya Rabi

Malam Habu, a kan wanki da yawan mai ba ni da abin cewa, haka masu gyara suke yi a nan Jamus. Ina zaune kusa da Stuttgart, Göppingen inda kamfanin Märklin yake tun 1859 ba ta da nisa da mu, kuma a kulob ɗin da nake zuwa da yarana ana kawo irin wannan kan jirgi kusan kowane zama. Amma a kan man keken ɗinki ina da ja, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Dalilina na farko shi ne kalmar da ka faɗa da kanka, wato "na gaske". Ni ɗinki na tashi ina yi, na san irin man da ake ƙullawa a ƙananan robobi marasa suna a kasuwanninmu. Wani fari ne tas, wani ja-ja ne mai wari, babu wanda zai gaya maka abin da aka haɗa a ciki. Keken ɗinki ƙarfe ne zalla mai kauri, ana sa masa mai kullum ana gogewa, saboda haka yana jure kusan komai. Kan jirgi kuwa ana sa masa ɗigo ɗaya ne a rufe shi watanni. Dalili na biyu shi ne rashin kaurinsa. A zafin watan Afrilu a Kaduna, mai irin wannan ba ya tsayawa inda aka sa shi, yana bin sanda yana malala, kuma sandar kwayil tana kaiwa ne kai tsaye zuwa faifan jan ƙarfe. Na uku, Sani ba zai tsaya a wannan kan jirgin ba, gobe zai samu wani ƙirar kamfanin Lima ko Fleischmann mai giyoyin roba, ya ɗauko kwalbar da ya saba da ita.

Märklin suna da nasu man mai lamba 7149, kuma takardun da suke sakawa a kwali suna cewa a sa ɗigo ɗaya ko biyu bayan kimanin awa 40 na gudu. Akwai kuma na Labelle daga Amurka, 107 da 108 na sanduna, 106 giris ne na giya, duk an yi su ne yadda ba za su ci roba ba. Tunda yayan Sani yana nan, kwalba ɗaya ba za ta yi masa nauyi ba, kuma za ta yi shekaru ba ta ƙare ba.

Malam Habu Mai Agogo

Hajiya, ranki ya daɗe, na yarda da batun man ƙulli, wannan gaskiya ce. Amma ki tuna abin da ya daskare a cikin kan jirgin Sani, mai yiwuwa man da aka sa masa ne a can Turai, ba namu ba. Kowane mai idan ya shekara ashirin a wuri ɗaya ba motsi zai canza. Kuma ba kowa ne a zauren nan yake da ɗan'uwa a Jamus ba. Idan muka ce sai 7149, mutum zai gaji da jira ya ɗauko abin da ya fi man keken muni.

Ga abin da nake yi da duk man da ban sani ba kafin in bari ya taɓa agogon mutane. Ina ɗiga shi a kan gilashi mai tsabta, in kifa kofi a kai, in ajiye a wuri mai ɗumi mako biyu. Idan na dawo na taɓa na ji yana danƙo, ko ya canza launi, ko ya bar zobe a gefe, ba na amfani da shi. Wanda ke tsoron roba sai ya ɗiga a kan wani ɓallin roba mara amfani ya gani ko za ta yi laushi ko ta dusashe. Wanda bai samu man keke mai suna a rufaffiyar kwalba ba, ya nemi man kilifa na masu aski, wanda ke zuwa a kwalin sabuwar kilifa. Dangi ɗaya ne.

Mahamadu Damagaram

Barkanku da aiki, malamai. Ina bin muhawarar daga Zinder. Wajenmu ko man keken mai suna ba kullum ake samu ba. Wani dattijo da ke gyaran rediyo ya ce mini shi basilin yake shafa wa giyoyin kaset, wani kuma ya ce ɗigon baƙin mai na mota sabo ya fi komai. Har man gyaɗa na ji an ambata. A cikin ukun nan akwai wanda za a iya lallaɓawa da shi?

Injiniya Lawal

Malam Mahamadu, man gyaɗa da duk wani man girki ka cire su daga lissafi gaba ɗaya. Iska tana sa su tsami su yi danƙo, cikin 'yan watanni za ka samu ciwon da Sani yake fama da shi, har da ƙari. Da muguwar rawa gara ƙin tashi: kan jirgin da aka wanke aka bari a bushe a kan kanta ba ya lalacewa, wanda aka sa wa man gyaɗa yana lalacewa ko ba a kunna shi ba. Basilin yana narkewa da ɗan zafi ya gudu daga haƙoran giya. Baƙin mai na mota ya yi kauri ga inji mai wannan ƙarfi, kuma an zuba masa sinadarai don aikin da ba wannan ba. Man giyar mota ma ya fi shi haɗari, domin wasunsa suna da sinadarin da ke cin tagulla. Idan babu komai sai waɗannan, ka bi gwajin Malam Habu ka nemi man kilifa.

Bari in tsaya a kan faifan jan ƙarfe, domin nan ne yawan mai yake kisa, kuma mutane ba sa ganin yadda abin yake faruwa. Faifan nan kashi uku ne, tsakanin kowane kashi akwai ɗan siririn tsagi da ke raba su don kada wuta ta tsallaka. Burushin gawayi yana gogawa a kai yana zubar da gari baƙi, wanda idan wurin a bushe yake yawancinsa yana fita. Da zarar mai ya iso, garin ya kwaɓe ya cika tsagin, kuma gawayi yana ɗaukar wuta. Daga nan wutar da ya kamata ta zagaya ta cikin kwayil sai ta riƙa yanke hanya ta tsagin. Alamunsa su ne kan jirgin ya rage gudu, ya yi zafi, ka ga tartsatsi ta kusa da burushi, ka ji ƙauri. Mai shi kuma sai ya ce ai mai ne ya ƙare, ya ƙara.

Gyaransa ba wuya. Ka goge fuskar faifan da ƙyalle mara gashi da aka ɗan jiƙa da ruwan laita ko sipirit mai ƙarfi irin na masu gyaran waya, sannan ka fere tsinken sakace ka bi kowane tsagi daga ciki zuwa waje har ya daina fito da baƙi. Allura ko reza suna karce jan ƙarfen su tayar masa da baki mai cin burushi. Launin ruwan ƙasa da faifan yake yi da tsufa ba datti ba ne, kada ka sa samfefa don ya yi ƙyalli. Burushin da ya sha mai kuwa ba ya wankuwa sosai, canza shi ya fi.

Sani Tudun Wada

Allah ya saka da alheri. Na bi matakan Malam Habu, giya ta biyu daga sama ce ta kame, yanzu ƙafafun suna juyawa da yatsa. Na sa man kilifa da allura kafin na Hajiya ya iso, kuma yana tafiya. Amma abu biyu sun ɗaure mini kai. Burushin biyu ba iri ɗaya ba ne: ɗaya baƙin gawayi ne, ɗaya kuma kamar an nannaɗe ragar jan ƙarfe. Shin wani ne ya yi masa dabara? Na biyu, idan na murɗa maɓallin taransifoma baya don ya canza hanya, sai ya yi tsalle gaba da ƙarfi, fitila ta haska, amma wani lokacin ba ya juyawa.

Hajiya Rabi

Sani, babu wanda ya yi masa dabara, haka aka ƙera shi. Injinan Märklin masu shimfiɗaɗɗen faifai suna aiki da burushi biyu mabambanta, na gawayi da na ragar jan ƙarfe, kuma na ragar yana taimakawa wajen share faifan. Ana sayar da su tare, tsohuwar lambarsu 60030 ce. Ka mayar da kowanne ramin da ka same shi, hoton da ka ɗauka zai nuna maka.

Tsallen kuma daga na'urar canza hanya yake. Wannan tsari yana gudu da wutar AC da ba ta wuce wajen volt 16 ba, idan ka murɗa maɓallin baya sai taransifoma ta aika bugu ɗaya na kimanin volt 24, wanda ke jan wani ɗan ƙarfe a cikin kan jirgin ya sauya hanyar wuta. Wani siririn sufurin ne ke riƙe da ɗan ƙarfen. Idan sufurin ya yi tauri da yawa, bugun ba ya iya jansa da wuri, sai wutar ta tafi inji ya yi tsallen da ka gani. Idan ya yi sako-sako, kan jirgin zai riƙa tsayawa yana kuka ko ya canza hanya da kansa idan ka ƙure gudu. Kafin ka taɓa sufurin, ka wanke gaɓar ɗan ƙarfen da ruwan laita, domin sau da yawa tsohon maiƙo ne ya riƙe ta. Wannan na'ura ba a sa mata mai sam. Idan bayan wanki bai daidaita ba, ka ɗan lanƙwasa maratayin sufurin kaɗan ƙwarai don ya sassauta, ka gwada, ka sake.

Alhaji Garba

'Ya'yana, na karanta duka, kuma ina so in ja kunnen masu karatu da ba su yi magana ba. Duk abin da aka gaya wa Sani daidai ne ga Märklin. Wanda yake da Hornby Dublo ko Tri-ang na Ingila, idan ya bi shi kai tsaye zai yi ɓarna a wuri biyu.

Na farko, waɗannan suna da giya mai murɗaɗɗen haƙori a kan sandar inji, wadda ke juya giyar ƙafa. Irin wannan haɗi inji ne ke juya ƙafa, ƙafa ba ta juya inji. Saboda haka ƙafafunsu ba sa juyawa da yatsa ko suna da lafiya, wanda ya tilasta su zai karya haƙori ko ya goce da ƙafa. Idan kana son gwadawa, kwayil ɗin za ka juya da yatsa ka ga ƙafafun suna bi.

Na biyu shi ne mayen ƙarfe. Injin Sani ba shi da mayen ƙarfe na dindindin, kwayil ne na biyu ke yin wannan aiki idan wuta ta shiga, shi ya sa Malam Habu ya ce ya zaro abinsa ba fargaba. Hornby Dublo, wanda kamfanin Meccano ya fara fitarwa a Liverpool a 1938, da wutar DC ta volt 12 yake aiki, kuma yana da mayen ƙarfe irin na da. Wannan mayen ƙarfe, idan ka cire shi daga mazauninsa ko ka zare kwayil ba tare da ka ɗora wani guntun ƙarfe ya haɗa bakinsa biyu ba, yana rasa wani kaso na ƙarfinsa nan take, kuma mayar da kayan ba ya dawo da shi. Sai an kai shi ga mai na'urar da ke sake cusa masa ƙarfi, a yi masa yana haɗe. Ina da Dublo guda biyu, Duchess of Atholl da ƙaramin nan N2, kuma duk wankin da nake yi musu ina yi ne injin yana a haɗe. Injin X.04 na Tri-ang shi ma haka, kuma yana da 'yan ƙullin ulu a bakin sanda da ke riƙe mai, su ake ɗiga wa, ba sandar ba. Soson ƙarfe kuma kada ya kusanci teburin, domin mayen ƙarfen zai janye burbushinsa zuwa cikin inji.

Injiniya Lawal

Baba Alhaji ya taɓo abin da ake yawan ɗora wa mai laifinsa. Injin da mayen ƙarfensa ya yi rauni yana jan wuta fiye da kima, yana zafi, ba ya jan tarago, mai shi kuma ya yi ta ƙara mai. Mita ce ke raba gardama: Dublo mai lafiya yana jan wajen rabin amp ko sama da haka kaɗan, idan ka ga ya doshi amp ɗaya bayan an wanke shi, ka zargi mayen ƙarfe. A wurinmu da babu na'urar sake cusa ƙarfi, ni ina ganin a sa sabon mayen ƙarfe na neodymium, ana yin su daidai girman na asali, kuma ba sa rauni don an cire su.

Alhaji Garba

Injiniya, a nan ba mu haɗu ba. Sabon ya fi na asali ƙarfi nesa, yana jan kwayil da ƙarfin da ba a ƙera mazaunin sandar don shi ba, kuma masu gyara da dama suna kukan yana saurin cinye mazaunin. Yana kuma jan duk wani ƙaramin ƙarfe da ke kan layi. Wanda ba shi da wata hanya ya sa, amma ya ajiye na asalin a kwali, ya kuma riƙa duba mai a bakin sandar sama da ta ƙasa fiye da da.

Usman Kumasi

Gaisuwa ga iyaye da yayye. Tambayata ta ɗan kauce wa mai amma a kan kulawa take. Ina da wani tsohon kan jirgi mai gangar jikin ƙarfe da na gada, ƙafafunsa biyu sun yi tsage-tsage kamar za su fashe, ɗaya ma ta kumbura har tana gogar gindi. Babu tsatsa ko kaɗan. Na yi tunanin in jiƙa su da mai ko zai hana tsagewar ci gaba.

Alhaji Garba

Usman, mai ba zai yi komai a nan ba. Waɗannan sassa da tutiya aka zuba su, kuma a shekarun 1930 zuwa farkon 1950 akan samu dalma ta gauraya da tutiyar a wurin narkawa. Ƙarfen da ya samu wannan gauraye yana ruɓewa ne daga ciki, ya kumbura, ya tsage, daga ƙarshe ya marmashe. Ya taɓa Märklin da Dublo na kafin yaƙi da motocin wasa na Dinky. Ba ya warkewa kuma ba ya yaɗuwa zuwa wani kan jirgin, amma danshi yana hanzarta shi, kuma ku a Kumasi danshi ba ya yanke muku. Ka daina kunna shi, ka nemi wasu ƙafafun, ka duba gindin da kyau ko shi ma ya fara lanƙwasa. Ka ajiye shi a akwati mai murfi tare da 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ke zuwa a kwalin takalmi. Idan kwalinsa yana da tsohon soso a ciki ka fitar da shi, domin yana narkewa ya manne wa fenti. Farin ƙyallen auduga ya fi.

Malam Habu Mai Agogo

Mu kuma a arewa ƙura ce abokiyar gabarmu, shi ya sa nake so in koma kan giris da Hajiya ta ambata. A giya mai murɗaɗɗen haƙori irin ta Alhaji, giris kaɗan ya dace, domin haƙoran suna goga juna ne kuma mai mara kauri ba ya zama. Amma giyoyin Märklin a buɗe suke ta ƙasa, tazararsu da layi kaɗan ce. A lokacin hunturu, ƙurar da ke sauka a kan tebur cikin yini ɗaya ta isa a yi rubutu da yatsa, kuma ƙurar nan yashi ne mai laushi. Idan ta haɗu da giris ta zama abin goge ƙarfe, tana cin haƙoran a hankali. Ni ɗigon mai ɗaya nake sa wa haƙoran giya ɗaya in juya ƙafafu ya rarraba kansa. Awa 40 ɗin da takarda ta faɗa lissafin ɗakin Turai ne. A nan na fi ganin a wanke giyoyin a ƙarshen kowane hunturu ko an yi gudu ko ba a yi ba, a rufe layin da zani idan an gama, a kuma goge shi da ƙyalle kafin a kunna.

Hajiya Rabi

A kan wannan na bi bayanka, Malam Habu. Giris ɗin na giyoyin da ke rufe ne da masu murɗaɗɗen haƙori. Sani ya kuma duba zoben robar da ke ƙafar baya: idan ya yi laushi ko ya saki, mai ya taɓa shi, kuma zai riƙa shafa baƙi a kan layi har sai an canza shi.

Injiniya Lawal

Sani, saura taransifomar da aka haɗo maka da ita, wadda ba mu duba ba. Idan shuɗiya ce mai jikin ƙarfe, ka karanta abin da aka rubuta a ƙasanta. Tsofaffin an yi su ne don volt 220, wutarmu kuwa a ƙa'ida 230 ce, kuma janareta yana iya haura haka, wanda ke sa bugun canza hanya ya fi yadda aka tsara ƙarfi. Kan jirginka na da ne, zai jure, amma ranar da ka samu sabo mai ƙwaƙwalwar lantarki a ciki, kada ka ɗora shi a kan wannan taransifoma, tana iya ƙona shi. Ka haɗa ta ta bayan sitabilaiza. Sannan ka lanƙwasa wayar da ke zuwa soket a wurare da dama, musamman inda ta shiga jikin ƙarfen. Idan rufin ya yi tauri ko ya tsattsage, kada ka naɗe shi da salatif ka ci gaba, ka kai wa mai gyaran lantarki ya canza wayar gaba ɗaya ya kuma auna ko wuta tana taɓa jikin. Masu Lionel na Amurka kuma su lura cewa tasu taransifomar ta volt 110 zuwa 120 ce, ba a sa ta a soket ɗinmu sai da na'urar rage wuta a tsakani.